Dusar da Bala Ya Ajiye a Bakin Gona

A ƙauyukan da ke gefen Gafasa, in ana lissafin mutanen kirki da Bala ake farawa. Gidajen Kirista a wurin 'yan kaɗan ne, a tsakiyar 'yan uwa Musulmi, kuma duk wata hidimar 'yar majami'arsu a wuyansa take. Shi ke yaɓe bango in damina ta ci shi, shi ke fara zuwa gayya, shi ke barin ta a ƙarshe. Amma babu wanda ya sha alherinsa kamar Malam Hadi, makiyayin da ke maƙwabtaka da gonarsa. Da an yi girbi, Bala zai bar masa kara da harawa kyauta, har ya ɗauko a ka ya kai masa garke. Mutane suna yi masa tsiya wai ya fi shanun Hadi son Hadi.

Abu ɗaya ne bai yi daidai da wannan shaida ba. Duk ranar da fasto ya zo daga Gaya aka yi Jibin Ubangiji, in gurasa da ƙoƙo suka iso kansa, sai Bala ya sunkuyar da kai ya miƙa wa na kusa.

Dalilin yana can baya. Wata damina shanun Hadi suka yi ta shigar masa gona suna cinye wake. Ya yi magana, aka ba shi haƙuri, suka sake shiga. Zuciya ta ɗebe shi, ya kwaɓa dusa da maganin ɓera ya ajiye a bakin gona. Shanu biyu suka mutu, ɗaya da ciki. Ranar kuwa Ɗayyabu, ƙanen Hadi, shi ne da kiwo. Hadi ya ɗauka Ɗayyabu ne ya yi sakaci har suka ci gyauron dawa, wanda ke kumbura cikin saniya. Ya zage shi tas a gaban matar Ɗayyabun, har ya kai masa mari. Ɗayyabu ya kwashe iyalinsa ya yi Kudu, ko rasuwar mahaifiyarsu a waya ya ji. Bala yana gani ya yi gum.

Tun daga nan yake biya. Ya yi kuka a gaban Allah ba sau ɗaya ba, ya yi azumi, kuma kowane ƙunshin harawa da ya ɗauka yana ganin ya rage wani abu. Sai dai nauyin da ke ƙirjinsa ko gezau.

Wata Lahadi bayan sujada, matarsa Larai tana ɓarar gyada a tsakar gida, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baban Hanne, yau ma ka bar ƙoƙon ya wuce. Na gaji da yin kamar ban gani ba."

Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata duka.

"Ina so in cancanta tukuna," in ji shi. "In na ƙara ƙoƙari..."

"Ka cancanta da me? Da harawa?" in ji Larai. "Kai fa kullum kana rera cewa Yesu ya biya a kan gicciye, ashe ba ka yarda ba. Da ka yarda, da ba ka tsaya kana ciniki da Allah ba. Gafara kyauta ce, karɓa ake yi."

Har ya ji wani sanyi. "To, in kyauta ce, ai shi ke nan. Tsakanina da Ubangiji ne."

"A'a. Wanda ya gaskata an yafe masa, me kuma zai ɓoye? Ɗayyabu yana can da laifin da ba nasa ba. Duk ayyukan duniya ka yi, ka bar guda ɗayan da tuba ta nema."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Aikin da ake yabonsa a kai bai taɓa yi masa wuya ba. Wannan ne mai wuyar, domin zai iya cinye sunansa, ya kuma jawo wa 'yan gidajen nan nasu na Kirista abin da ba su ji ba ba su gani ba. Ya durƙusa a ɗaki, wannan karon bai yi wa Allah alkawarin komai ba. Ya ce dai, "Ba ni da abin kawowa. Ka ji ƙaina." Da ya tashi tsoron yana nan, amma ƙafafunsa sun ɗauke shi.

Ya tarar da Hadi a gindin tsamiya yana tufkar igiya.

"Maraba da maƙwabci! Yau hannu rabbana? Ina tsarabar shanuna?"

Bala bai zauna a tabarmar da aka nuna masa ba. A tsaye ya faɗi komai, dusar, maganin, da shirun da ya yi.

Igiyar ta suɓuce daga hannun Hadi. Ya dube shi kamar baƙon da bai taɓa gani ba.

"Innalillahi. Duk harawar nan... Bala, ni fa na ɗauka ƙaunata kake yi."

"Ka yafe mini, Malam Hadi. Shanun zan mayar, kuma duk inda ka ce in maimaita maganar nan, zan maimaita, ko gaban mai unguwa."

"Shanu?" Idon Hadi ya kawo ruwa. "Inna ta cika tana kiran sunan yaron nan. Kada ka tambaye ni yafiya yau, ba ni da ita."

Bala ya ce to. Bai kare kansa ba, bai kuma tafi ba.

Hadi ya laluba aljihu ya ciro waya. Sai ya miƙa wa Bala.

"Nemo mini Ɗayyabu. In ya ɗauka, kai za ka fara magana."

Bala ya nemo sunan ya danna, ya kara a kunne. Wayar ta yi ta ƙara har ya zaci za ta katse, sai wata murya daga nesa, a ɗarare, ta ce, "Yaya?"