Gidan Baba a Saman Tsauni

Motar Dogo ta fara mutuwa tun ba su soma hawan tsaunin ba. Yaya, wadda ke zaune a baya tana riƙe da hannun mahaifinsu, ta ji injin ya yi tari, sannan ya yi tsit.

"Zafi kawai ta ɗauka," in ji Dogo, ƙaninta, ya fita da jarkar ruwa.

"Da kai da ita duk ɗaya, abu kaɗan sai ɗaukar zafi," in ji Gwaggo daga kujerar gaba. Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Yaya ce ta haɗa tafiyar nan. Likita ya riga ya gaya musu babu sauran abin yi, tunanin Baba zubewa yake yi kullum. Ya manta sunayen 'ya'yansa, ya manta matarsa ta rasu, amma bai manta gidan da aka haife shi a saman tsauni ba. Kowace safiya sai ya saka takalmi ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a kai shi. Shi ne ta rufe shagon ɗinkinta, ta lallashi Dogo, ta ɗauko Gwaggo, ƙanwar Baba, domin ita kaɗai ta rage da ta san wurin. A ranta tana ganin in ya taka ƙasar da ya tashi a kai, wataƙila ya dawo cikin hankalinsa ko na yini guda, ya dube ta ya san ita ce.

Motar ta tashi da ƙyar. Hanya ta yi ta lanƙwasa tana hawa, kwari na buɗewa a gefensu shar da ciyawa, hazo kwance a ƙasansa, ruwa na gangarowa daga jikin dutse fari tas.

"Baba, duba mana," in ji Yaya. "Ka ga ruwan can?"

Bai ɗaga kai ba. Maɓallin rigarsa yake ta murzawa.

Can gaba bel ɗin fanka ya tsinke. Dogo ya yagi gefen mayafin Gwaggo ya murɗe ya ɗaura, tana ta faɗa, suka ƙara gaba a hankali kamar masu rakiyar mara lafiya. Da suka kusa ƙarshen hawan sai aka ji wani ƙara a ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malalo kan kwalta. Dogo ya leƙa, ya daɗe, sannan ya zauna a jikin taya ya haɗa kai da gwiwa. Da motar nan yake ciyar da iyalinsa.

"Injin ya buga, Yaya," ya ce. "Shi ke nan."

Gwaggo ta ce ai gidan yana bayan kwanar can. Suka kama Baba, ɗaya dama ɗaya hagu, suka taka da ƙafa, iska mai sanyi na dukansu. Bayan kwanar babu gida, babu ko kango. Gonar dankali ce ta miƙe har bakin gangare, an zagaye ta da waya. Gwaggo ta juya nan, ta juya can.

"Nan ne," ta ce. "Ko kuwa gaba ne? Da akwai wata bishiya..."

Baba ya ɗaga kai, ya kalli gonar, ya kalli duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sai ya juyo wurin Yaya cikin ladabi.

"Baiwar Allah, in kin san hanya, taimaka ki kai ni gida. Inna na can tana jirana."

"To, Baba," ta ce.

Yayyafi ya fara sauka kafin su koma wurin motar. Wata babbar mota mai ɗauke da katako ta gangaro, direban ya tausaya ya tsaya. Aka sa Baba da Gwaggo a gaba. Dogo ya ce ba zai bar motarsa ba, Yaya ba ta da ƙarfin gardama. Ta hau baya ta zauna kan jiƙaƙƙen katako, ta ja gyale ta rufe fuska, suka fara gangara.