Wa Ke Shanye Madarar Manaja?

Yaron bai cika shekara biyu da rabi ba, amma duk gidan Manaja ake ce masa, don tun kafin bakinsa ya buɗe ya iya nuna mutum da yatsa ya nuna masa ƙofa. Tun ranar da aka yaye shi ya ƙulla gaba da madara. Da ya hango kofin sai ya toshe baki da hannu biyu, ya juya ƙeya, ya ce, "Ban so!" In aka matsa masa ya zube ƙasa yana shure-shure kamar an sa masa wuta a wando.

Kakarsa, uwar ubansa, ita ke renonsa in iyayen sun fita aiki. Kafin a ɗauko ta, ɗaki ɗaya take zaune can ƙarshen gari, ba mai yi mata magana sai rediyo. Nan kuwa bene ne, ga baranda mai kallon titi gaba ɗaya. Daga kujerarta tana ganin wanda ya shiga shagon tela, da wanda ya fito daga wurin mai aski, da matar da aka sauke a motar da ba ta mijinta ba. Ga kuma Manaja, da take kira maigidana, yana kwana da ƙafarsa ɗaya a kan cikinta. Wa zai so ya bar wannan daula?

Surukarta a kantin magani take aiki, irin matan nan da sai sun karanta bayan gwangwani kafin su buɗe shi. Ranar da suka dawo daga awon yara, inda nas ta ce nauyin Manaja ya tsaya cak, sai ta durƙusa gaban Kaka cikin ladabi.

"Mama, ba raini ba ne. Amma in awon wata mai zuwa bai ƙaru ba, gidan renon yara zan kai shi. Can akwai waɗanda suka yi karatun abin."

"Karatu?" in ji Kaka. "Uban nasa da karatu na raine shi? Dube shi, ƙofa ma da ƙyar yake wucewa."

Ta faɗa da ƙarfi, amma maganar ta tsaya mata a rai. In an kai yaro can, me ya rage mata a gida mai ɗaki biyu? Sai ta naɗe kayanta ta koma wurin rediyo.

Washegari ta ɗaura ɗamara. Ta mai da cokali jirgin sama, Manaja ya kakkaɓo jirgin a kan zaninta. Ta sayo kofi mai hoton agwagwa, ya karɓa da murna ya jefa shi ta baranda, saura kaɗan ya sauka a kan tela. Ta yi waƙa, ta yi rawa har gwiwarta ta yi ƙara. Shi dai yana zaune yana kallonta kamar mai duba aikin leburori.

Da ta gaji sai ta ɗaga kofin ta ce, "Kalli Kaka, maigidana! Mmm, daɗi!" Ta kurɓa.

To fa. Rabonta da madara mai kauri haka tun tana da haƙora cikakku. Ta lumshe ido ba da wasa ba. Manaja ya ƙyalƙyale da dariya, ya tafa hannu, ya matso ya tallafi gindin kofin ya tura mata.

"Kaka sha!"

Ta sha. Ya sake turawa, ta sake sha. Kafin ta ankara tana hango hoton fure a ƙasan kofi.

"Ba komai," ta ce wa kanta tana goge baki da bakin mayafi. "Yau ya gani, gobe zai kwaikwaya. Haka yara suke."

Da yamma surukar ta shigo, ko takalmi ba ta cire ba ta ce, "Mama, ya kofin?"

"Kofi kam ga shi can. Ko ɗigo babu."

Ku duba maganar da kyau, ba ƙarya a cikinta ko ɗaya.

Murna ta sa surukar ta sayo babban gwangwani, mai maiƙon nan, ta ce a riƙa dama masa safe da rana da yamma. Manaja kuwa ya samu aikin yi. Da ya ji ƙarar cokali a kofi zai sheƙo da gudu, ya zaunar da Kaka, ya ɗaura mata tawul a wuya yadda ake yi masa, ya tsaya a kanta sai ta shanye. In ta rage ya leƙa ciki ya ɗaure fuska. Kullum tana cewa gobe zai kwaikwaya, goben kuma na zuwa ta same ta da tawul a wuya.

Ba a jima ba kumatun Kaka suka fara sheƙi. Ta sauka shagon tela da rigarta ta unguwa ta ce ya ɗan buɗa mata hammata.

"Kaka," in ji tela yana auna ta, "rigar nan ni na ɗinka ta, kuma da sauran wuri na bari."

"Yadin ne ya tsuke. Yadin zamani ba shi da amana."

Matar mai aski na gefe tana jiran ɗinkinta, kunne a miƙe. Kafin la'asar duk layin ya ji cewa Kaka ta yi bazawari, wai wani tsoho mai sayar da agogo ne ke aiko mata da kayan daɗi a ɓoye. Da labarin ya hau bene ya iso wurin Kaka, ba ta musa ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwali kawai ta ƙara fitowa baranda.

Ranar awo ta zo. Suka tafi su uku, surukar har da sabon mayafi, tana ta ɗaga Manaja tana cewa ita kam tana jin ya yi nauyi. Ɗakin awon cike yake da mata a kan benci, kowace da nata a cinya.

Manaja ba ya yarda a ɗora shi a sikelin jarirai, ihu yake kamar za a yanka shi. Don haka nas ɗin ta saba yi masa dabara: Kaka ta hau babban sikeli tana riƙe da shi, sannan ta hau ita kaɗai, a cire wannan daga wancan. Haka aka yi wancan watan.

Kaka ta hau da Manaja a kafaɗa. Allurar ta yi sama, ta wuce inda ta tsaya a da, ta ci gaba.

"Ya ƙaru!" in ji surukar, har da ɗan tsalle. "Wallahi ya ƙaru! Mama, Allah ya saka miki!"

"Da saura," in ji nas. "Kaka, miƙa mata shi, ki tsaya ke kaɗai."

Kaka ta miƙa shi a hankali kamar mai rabuwa da shi har abada. Allurar ta ɗan sauko ta tsaya. Nas ta dubi allura, ta dubi Kaka, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Yaro dai yana nan inda yake. Ƙarin duk a nan yake." Ta nuna Kaka da biro.

"Takalmin ne," in ji Kaka, ta cire. Allurar ba ta motsa ba. Ta ajiye jaka. Ta cire mayafi. Ta riƙe numfashi ta tsuke ciki. Matan benci suka fara rufe baki da hannu.

Nan ne Manaja ya zura hannu cikin jakar uwarsa, ya zaro kofin madarar da ta zo da shi, ya taka har gaban sikeli ya ɗaga shi sama.

"Kaka sha! Daɗi!"

Ɗakin ya fashe. Wata mata ta yi dariya har ɗanta ya zame daga cinyarta. Nas ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba.

Suka hau tasi suka koma gida. Sai da suka hau bene surukar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mama, ranar Litinin zan kai shi." Ta dangwarar da kofin a tebur ta shige kicin.

Kaka ta jawo jakarta daga bayan kujera ta fara ninke zannuwa. Ta ɗauko rigar da tela ya buɗa, ta harare ta, ta cusa ta can ƙasa. Idonta ya ciko.

Manaja bai san ana yi ba. Lokacin aiki ya yi. Ya ɗauko tawul ya yafa mata a wuya, ya kawo kofi.

"Kaka sha."

"Kauce min, kai ka jawo min," in ji ta. Ta toshe baki da hannu biyu ta juya masa ƙeya. "Ban so!"

Manaja ya tsaya sororo. Tunda yake ba a taɓa ƙin bin umarninsa ba. Ya zagayo ta gabanta, ta juya. Ya ɗaga kofin yana "vuuu" kamar jirgi, ta ƙara matse baki. Ya dubi kofin, ya dube ta. Can sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga kofin da hannu biyu.

"Kalli Manaja! Mmm, daɗi!"

Ya kurɓa.

Kaka ta gani ta wutsiyar ido. Yaron ya tsaya, ya lashi farin gashin bakin da madara ta yi masa, ya leƙa kofin kamar yau ya fara ganinsa. Ya miƙo mata.

Ai kuwa tsohuwa ta zube a kan kafet. Ta shure ƙafafu, ta birgima har ƙarƙashin tebur. "Ban so! Ban so! Wayyo, ba zan sha ba!"

"Kalli, Kaka! Kalli!" Ya ƙara kurɓa, babba, maƙogwaronsa na ƙwat-ƙwat.

Surukar ta fito da ludayi a hannu ta ƙame a bakin ƙofa. Daidai nan uban yaron ya dawo daga aiki, ya tarar da uwarsa a ƙasa tana shure-shure da tawul a wuya.

"Innalillahi! Mama! Me aka yi mi—"

Matarsa ta toshe masa baki da hannun da ba ludayi. "Yi shiru, malam. Yana sha."

Manaja ya kifa kofin a kansa don Kaka ta ga ba saura, ya yi gyatsa, ya nuna ta da yatsa. "Kaka ba ta ji."

Surukar ta zame ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta jawo jakar ta fara fito da zannuwan ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, mayar da kayanki. Wannan karatun ba a yinsa a can."

Awon da ya biyo baya allura ta motsa ta wurin da ake so. Yanzu safe da rana da yamma duk layin na jin ihun Kaka daga bene tana ban so, ban so. Matar mai aski ta ce ai mai agogon ne ya yaudare ta, abin ya taɓa mata kai. Kaka ta bar ta da wannan ma.

Abin da ke damunta ɗaya ne, ta riga ta saba da madarar. In tana damawa sai ta waiga hagu da dama, ta lashe cokalin da sauri. Jiya aka kama ta. Manaja na tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu.

"Kaka! Nawa ne!"