Yatsan Orval a Jikin Ƙofa

"Ajiye burushin nan, Orval, numfashinka ma da ƙyar yake fita!" in ji Delphine.

Tsohon bai ko waiga ba. Yana zaune a kujera, robar iska a hanci, yana shafa wa ƙofarsa koren fenti. Shi da Delphine bango ɗaya ya raba gidajensu, kuma tun ƙuruciya tare suke aiki a masana'antar fenti ta bakin kogi, suna zuba kobal, ruwan nan mai launin shuni da ke sa fentin mai ya bushe da wuri. Bara aka daina zuba shi, wai ana zargin yana cutarwa, aka kawo sabo na ƙarfe. Ihu bayan hari, in ji Orval.

"Sabon nasu nake gwadawa," ya ce. "Namu na da munafuki ne, sama ya bushe, ciki ɗanye. Kamar ni. Kamar ke."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Haba, tsohuwa! Bangon nan kamar takarda yake. Ina jin tarinki."

Babu likitan da ya taɓa cewa kobal ne ya cinye huhun Orval, amma da irin wannan tarin ya fara, kuma guga ɗaya suka sha ɗauka tare. Tsoron asibiti take yi fiye da tsoron tarin, don ta ga yadda ya shiga da ƙafarsa ya fito da tulun iska.

Ya danna babban yatsansa a gefen ƙofar, fentin ya lotsa.

"Gobe zan sake dubawa. In ya bushe har ciki, za ki je a duba ki. Kin yarda?"

"Ji mutum! Sai ka ce kai ne ubana."

Washegari da hantsi motar asibiti ta tsaya a layin, ba jiniya. Ta labule Delphine ta ga an fito da Orval a lulluɓe, hannunta toshe da bakinta, tana danne tari kamar har yanzu akwai mai ji.

Da layin ya yi tsit ta haura barandarsa. Shatin yatsansa na nan a koren. Ta ɗora nata kusa da shi, ta danna da ƙarfi, ta sake dannawa.

Fentin bai lotsa ba.