Taraktar Baba Shekari

"Maƙeri, ba bangon ɗaki kake shafewa ba. Ja buroshin gefe ɗaya, a hankali."

Malam Barau ya ɗago daga inda yake tsugune, koren fenti har gwiwar hannunsa, ya harari mai maganar. Baba Shekari na kishingiɗe a kujerar katako a gindin mangwaro, an kife turmi an ɗora masa kumburarrun ƙafafunsa. In ya yi magana ɗaya sai ya tsaya neman numfashi, amma idonsa bai bar buroshin nan ba.

"Injiniya, in aikina bai yi maka ba, taso ka karɓa."

"Da zan iya tasowa, ai ko gwangwanin ba zan ba ka ka riƙe ba."

Abin da suke yi wa wannan hidima wata 'yar taraktar lambu ce, mai ƙafa biyu da dogayen hannuwa, irin wadda mutum ke riƙewa yana bin ta a baya. Wani Bature ne ya bar ta da zai koma ƙasarsu, ta daɗe a yashe har kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Shekari ya sa aka turo masa ita unguwarsu ta Makera a amalanke, a shekarar da aka fara ginin masaƙa a Kakuri. 'Yan unguwa suka yi ta dariya, wai ya kawo wa maƙera abin narkarwa. Bai ko kula su ba. Kun san mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a loko yana gyaran kawunan jirgin ƙasa, ba ya duban inji ya ce ya mutu. Ya warware ta tsaf, ya jera notuna a kan buhu, ya jiƙa su cikin kananzir. Tsatsa kuwa da yashin kogi da tsumma ya bi ta, har ƙarfe ya yi fari. Sannan ya shafa jan fenti na ƙasa, har can ciki inda sai ka kwanta rigingine za ka gani, wai daga nan tsatsa ke fara ci. Ran da injin ya yi tari ya kama, wata tsohuwa mai ƙosai har guɗa ta yi.

To, sai ciwo ya shigo. Asibiti suka riƙe shi, daga baya suka sallame shi, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta.

Su mutanen su Shekari, can bayan Zonkwa, dattijo ba ya mutuwa a bariki in da hali. Da ransa ake kai shi gida, ya ga dangi, a binne shi kusa da iyayensa. Gawa kuwa ba wanda zai ɗauke ta a jirgi cikin zafin bazara. Matarsa Dorcas ta ɗaure kaya tuni, ɗansu Monday ya riga ya yi gaba don ya gyara ɗaki. Shekari ya ce ba inda za shi sai taraktar nan ta taka da ƙafarta. Bai taɓa barin inji a buɗe ya tashi aiki ba, ba kuwa yanzu zai fara ba.

Bayan fenti, abu ɗaya ya rage: wata 'yar sandar ƙarfe da ke haɗa inji da ƙafafun, wadda ta karye tun zamanin Baturen. Malam Barau ne zai ƙera ta, tun da zana ce kawai ta raba maƙerarsa da gidan. Ya ƙera ya kawo, ta yi siriri. Ya sake, ta yi kauri. Ya kuma, ta ɗan karkace.

"Tsoro yake ji," in ji Shekari ga masu zuwa dubiya. "Ya san ran da wannan ta shiga fadama, ba mai sake sayen garmarsa."

Kowa ya yi dariya, har da Barau. Dorcas ce kaɗai ba ta yi ba.

Da hantsi ta same shi a maƙera yana zuga. Ba ta taɓa shiga wurin ba sai ran nan. Ta gaishe shi a tsaye.

"Malam, kai ka ƙera makullin da ya buɗe akwatina da nawa ya ɓata. Yanzu ɗan ƙarfen nan ne ya gagare ka?"

"Maman Monday, kayan Turawa ne, sai an bi shi a sannu."

"Jiya ko kunu bai iya sha ba." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Na san abin da kake yi. In taraktar ta tashi, ya tafi, kai kuma ka rasa wanda za ka riƙa tsokana ta kan zana. Ni ma ba so nake mu rabu ba. Amma in ya cika a nan, kai za ka je ka gaya wa danginsa dalili?"

Barau ya saki zugazugi, wuta ta lafa. Tun suna da baƙin gashi suke maƙwabtaka shi da Shekari. Da Sallah cinyar rago ta ƙetara zana, da Kirsimeti shinkafa ta ƙetaro, kazar ma Barau ake kira ya yanka don ya samu ya ci.

"Je ki ɗaure sauran kayan," ya ce.

Kafin azahar ya kawo sandar. Ya zura ta, ta shige ta zauna daram. Shekari ya sa aka matso da kujerarsa, ya taɓa wurin da yatsa.

"Ashe ka iya."

"Sa'a ce kawai."

"Wace irin sa'a? Ta farkon ma sai da ta yi daidai kafin ka ƙara mata duka. Daga nan ina jin gudumarka."

"To me ya hana ka magana?"

Shekari ya ɗaga kai ya dubi rassan da ke kansa. "Ni ma ban gaji da inuwar mangwaron nan ba."

Da yamma Barau ya yi shafa ta ƙarshe, wannan karon ba wanda ya gyara masa riƙon buroshi.

Da gari ya waye sai maganar zuwa tasha. Shekari ba ya iya taka ƙasa, ya kuma ce ba za a ɗauke shi a kafaɗa kamar buhun gyaɗa ba. A ɗaura amalanke a bayan tarakta.

"Fentin bai gama bushewa ba," in ji Barau.

"Ya bushe a hanya."

Aka shimfiɗa masa bargo a gaban amalanke, Dorcas ta zauna a bayansa ta tallabe shi. Ya nuna wa Barau inda zai murɗa da yadda zai naɗa igiya. Barau ya ja, inji ya ɗauka, hayaƙi ya tashi. Shekari ya kama hannuwan da kansa, ya saki birki, sai ga 'yar tarakta tana takawa, koriya shar, ƙafafunta ja. Barau na tafe a gefe, ya ɗora hannu ɗaya a kan ƙarfen kamar dafawa kawai yake yi, alhali shi ke tuƙin. Shekari ya sani, ya ƙyale shi. Makera kaf ta fito bakin hanya. Waɗanda suka yi dariyar nan su ne ke kau da akuyoyi daga gabansu. A tasha tsofaffin abokan aikinsa na loko suka kewaye ta, wani ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe ya cire hularsa.

Su suka ɗaga shi suka sa a tarago. Ya jingina da taga, ya yafito Barau.

"Duba mai kafin ka ja igiya. Kullum."

"Ni da ke ƙera garma, ina ni ina ita?"

"Ka ƙera mata tata mana."

Jirgi ya yi kuka, ya ja. Barau bai tayar da injin ba. Turo ta ya yi da hannu har gida, ya ajiye ta inda take zama.

Ana nan, wata rana da la'asar, wani ma'aikacin jirgi ya tsaya a bakin maƙera ya yi sallama.

"Malam Barau? Maman Monday ce ta ce in biyo. Ya isa da ransa. Dangi sun taru, ya gan su ɗaya bayan ɗaya. Har ya yi wa ƙaninsa faɗa a kan wani ƙyaure mai ƙara, sai da aka sa masa mai a gabansa. Ran Lahadi da safe ya cika. An sa shi kusa da babansa."

"Allah Sarki," in ji Barau. "Ya isa dai."

"Ya isa."

Da mutumin ya tafi, hadari ya fara haɗowa daga gabas, na farkon shekara. Barau ya zaga gidan da ba kowa don ya tura tarakta cikin rumfa. Nan ya ga abin da bai lura da shi ba: a kan tankin mai, inda Shekari ya dafa da za a sauke shi, shatin tafin hannunsa ya fito a jikin fentin ya bushe a haka, har da layukan yatsu. Ga gwangwani nan a gefe da sauran fenti, ga buroshi cikin kananzir. Barau ya tsuguna ya duba shatin sosai. Sannan ya danne murfin gwangwanin da tafinsa, ya tura tarakta cikin rumfa, ya zauna kusa da ita yana jin yayyafi na sauka a kan ganyen mangwaro.