Ki Shafa Ko Ki Sha Fa

Jikata Ikilima ta zo wankan jego gidanmu a Mai'adua, kullum sai ta ɗaga riga ta dubi nankarwar da haihuwa ta zana mata, ta hau kuka. Wai kunya take ji ta koma wa mijinta Musaddiq da ciki kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Adaeze, matar mai kayan babur, ta leƙo barka. Hausarta sai a hankali. Ta ce, "Man kaɗanya, ki shafa kullum. Zogale da ƙwai kuma a ciki." Washegari ta tafi garinsu Kirsimeti.

Ni "ki shafa" na ji, Ikilima ta rantse "ki sha fa" aka ce. Shi kuma "a ciki", ci za a yi ko laɓtawa? Muka rasa. Yarinya ta narka mai tana kurɓa, ta kirɓa zogale da ƙwai ta laɓta a tumbi. Ta yi ta zarya bayan gida, ɗaki yana ƙarni, nankarwa tana nan daram.

Da aka yi arba'in ta ƙi komawa. Musaddiq ya zo bin ba'asi, na tare shi a zaure. "Angona, matarka nankarwa gare ta."

Ya zabura. "Iya, ana ɗauka? Mu tafi asibiti!"

Na kwatanta masa. Ya ja wuyan rigarsa ya nuna kafaɗa, ga irin zanen nan a jikinsa. "Irin wannan? Ashe har tana da suna?"

Ikilima da ke laɓe ta zura hijabi, ta riga shi zuwa wajen babur ɗinsa.