Ranar da Aka Rufe Jirgin Bohumil

Tun da aka binne Bohumil, ɗansa Radim bai taɓa komai a kan teburin kicin ba. Jirgin na nan yadda tsohon ya bar shi, ɓari biyu, dama da hagu, a kwance a buɗe kamar kifin da aka tsaga. Jirgin roba ne, irin wanda ake sayowa gutsure-gutsure a kwali a zauna a harhaɗa, samfurin jirgin sama mai jefa bam na zamanin yaƙin duniya, mai inji huɗu. Fuka-fukansa na jingine da firji, kowanne ya kusa tsawon hannun mutum. A tsaye Radim yake cin abinci, don babu wurin ajiye faranti.

Ran Asabar da hantsi yayarsa Vlasta ta iso daga Ostrava da kwalaye. Ƙarshen wata za a mayar wa masu gida makullinsu, dole a kwashe komai.

"Wai har yanzu wannan gawar tana nan?" in ji ta. Sai ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta juya ta hau buɗe durowar cokula.

"In an ɗaga shi a haka, na cikin zai kakkarye, Yaya."

"To ka manne shi mana. Ba gam kawai ake sawa ba?"

"Gam kawai ake sawa," ya ce.

Duk lokacin sanyin da ya wuce, a cikin jirgin nan babansu ya ƙarar da shi. Ya yi kujerar matuƙi, ya yanka mata ɗamara daga takardar cakulan. Ya zare wayoyi masu sirantar gashi daga wata tsohuwar rediyo, ya bi bangon jirgin da su ɗaya bayan ɗaya da matsefata. Har taswira ya zana, ba ta fi farce ba, ya shimfiɗa a ɗan teburin mai duba hanya. Da zarar an haɗa ɓarin biyu, shi ke nan, ba mai sake ganin ko ɗaya. Duk masu wannan aiki sun san haka, kuma duk suna yi.

Radim ya tsaya yana kallo. Tun daga maƙabarta yake jiran kuka ya zo, bai zo ba. Ba ya jin komai sai warin fenti da ƙarar firji.

Can sai ga Otakar, abokin babansu na ƙungiyar masu haɗa jirage, yana haki saboda hawan bene. Ya ajiye burodi mai zaƙi da matarsa ta gasa a kan taga, ya cire hula, ya ɗora tabarau biyu, wani a kan wani.

"Matsa min, ɗana, in ga abin da tsohon banzan nan ya bar mana."

Ya sunkuya ya daɗe. Yana duba yana tsaki.

"Dubi, don Allah. Har ƙarƙashin kujera ya yi wa fenti. Wa zai leƙa ƙarƙashin kujera? Ƙuma?"

"Ku dai kun ji daɗinku," in ji Vlasta daga bayan kwali. "Mutum da furfurarsa yana wasan yara."

"Ke da kika haɗiye mana farfela kina rarrafe? Yi mana shiru, 'yar nan."

Ta yi 'yar dariya ta hanci, ta ci gaba da naɗe kofuna a jarida.

Otakar ya ƙara sunkuyawa, sai ya tsaya cak. "Kai! Zo ka gani."

A bangon hagu, bayan kujerar mai rediyo, akwai shatin babban yatsa a cikin koren fenti. Zanensa ya fito raɗau, har da tabon yankan wuƙa da ya ratsa ta tsakiya. Radim ya san tabon. A watannin ƙarshe hannun tsohon na rawa, wataƙila dafawa ya yi don kada ɓarin ya suɓuce masa.

"Tun muna samari yake zagina wai ina taɓa ɗanyen fenti," in ji Otakar. "Mai hannun mahauta, haka yake ce min a gaban mutane. To ga shi nan, na kama shi, shi kuma ya gudu." Ya share hanci da bayan hannu. "Miƙo samfefa in goge masa. Ba zai so a gani ba."

"A bar shi, Kawu."

"In ka bar shi ka rufe, kai da ganinsa har abada. Babu taga ta nan."

"Na sani."

"In kuma ba ka rufe ba, kafin motar kaya ta sha kwanar farko ya zama tsintsiya."

Vlasta ta matso da wayarta ta ɗauki hoto. Suka duba su uku. Wani kore-kore ne kawai ya fito, dishi-dishi. Ta sake, bai canza ba. Ta mayar da wayar aljihu.

Radim ya kai yatsansa kusa da shatin, bai taɓa ba. Nasa ya fi siranta. Ya ɗan jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. A waje wata bas ta tsaya, ta tashi.

Sai ya buɗe kwalbar gam. Ya bi bakin ɓarin dama da ɗan buroshi, daga hanci zuwa wutsiya, a hankali, yadda ya ga ana yi tun yana ƙarami. Ya ɗauki ɓarin hagu da hannu biyu ya kifa. Taswirar ce ta fara ɓacewa, sannan wayoyin, sannan koren bangon.

"Kar ka matse da yawa, gam zai tsattsafo," in ji Otakar. "Riƙe shi dai. Babanku ba ya ɗaura zaren roba sai ya fara riƙewa da hannu, wai jirgi ya san mai shi."

Ya riƙe. Robar ta ɗumama a tafinsa. Vlasta ta yanka burodin ta sa masa loma a baki, ya tauna bai ji zaƙi ba. Da gam ya kama, suka ɗaure jirgin da zaren roba, suka maƙala masa abin maƙale shanya a wutsiya.

Rabin teburin ya fito fili. Radim ya ja kujerar babansa ya zauna, ya karɓi 'yar tocila daga hannun Otakar, ya haska ta tagar matuƙi, ya kanne ido ɗaya.

"Ka ga wani abu?" in ji Vlasta.

"Gefen kujera."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya kashe tocilar. Tsagin da ɓarin biyu suka haɗu yana nan a bayan jirgin, dogo, daga hanci har wutsiya.

"Sai ya kwana ya bushe kafin a goge wannan," in ji Otakar, yana neman hularsa.

Radim ya gyaɗa kai. Ya jawo samfefar ya ajiye kusa da hannunsa, ya ci gaba da zama.