Ƙwayar Hawan Jini Mai Kai Rahoto

Shagon askin yana tsakanin shagon tela da wani ɗan ɗaki da ake sayar da batir da wayoyin caji. Kujerar aski ɗaya ce, sai benci mai ɗaukar mutum huɗu in ba masu ƙiba ba ne, sai wani babban madubi da ya cinye rabin bango. Mai shagon kowa Rediyo yake ce masa, don ba a taɓa zama a kujerarsa an tashi ba labari ba. Da safe yakan duba wayarsa ya kwashi abin da duniya ta kwana da shi, ya zo ya riƙa rabawa kaɗan-kaɗan, yana ƙara gishiri.

Yana da ƙa'idarsa. Labarin gaske yakan faɗe shi yana kallon ƙeyar mutum. In ya zo wurin ƙarin gishiri, sai ya ɗaga kai ya haɗa ido da mutum ta madubi, ya ɗage gira ɗaya. Muryarsa ba ta canzawa, don tun yana koyon sana'a maigidansa ya hana shi dariya da aska a hannu. Girar nan ita kaɗai ce alama. Wanda ya gan ta ya san wasa ne.

Makon da abin ya faru, mai ginin ya sa a yi wa shagunan fenti. Aka cire madubin aka jingine shi a shagon Tela. Rediyo ya ci gaba da aiki haka nan, don hannunsa ya haddace kawunan unguwar.

Ranar Direba ne a kujera, wani mai jan motar haya, Tela kuma yana kan benci yana warware ɗinkin wando.

"Sun ce an ƙera mutum-mutumi mai aski," in ji Rediyo.

"To ka fara neman wata sana'a," in ji Tela.

"Bari ya zo. In ya iya sauraron Direba yana ba da labarin surukarsa daga farko har ƙarshe bai ƙone ba, na ba shi makullin shago."

"Na kuma ji za a koma duniyar wata," in ji Tela.

"Ba namu ba. Namu in sun isa, kwamiti za su fara kafawa, a binciko wanda yake sace rabinsa duk wata."

Direba ya so ya yi dariya, Rediyo ya danne masa kai gefe ya shafa masa kumfa a haɓa. Daga nan bakin Direba ya rufe, ya lumshe ido yana jin aska na tafiya.

"Akwai wanda ya fi wannan," in ji Rediyo. "Masana sun yi wata ƙwaya mai 'yar na'ura a ciki. In ka haɗiye, sai ta gaya wa likita ka sha maganinka."

"Kai, duniya," in ji Tela.

"Gwamnati ta riga ta yi oda. Cikin maganin hawan jini za a sa, kafin zaɓe. Ranar da shugaba zai yi jawabi a rediyo, suna can zaune suna kallon allo. Duk wanda jininsa ya hau, an san ɗan adawa ne. Ba sai an tambaye shi ba."

Ya ɗaga kai ya ɗage gira, ya haɗa ido da bango mai ɗanyen fenti. Tela, wanda yake ganin fuskarsa daga gefe, ya murmusa ya ci gaba da warwara. Direba bai ga komai ba. Aka goge masa fuska, ya tashi ya fita yana shafa haɓa, kuma kafin ya tayar da mota ya riga ya ɗauki muryarsa a waya ya tura wa 'yan tasharsu.

An mayar da madubi, fenti ya bushe, Rediyo ya manta da zancen. Sai wata safiya matar yayansa ta tsaya a ƙofar shagon da kwandon cefane a hannu. Ba ta saba zuwa ba.

"Matar Yaya, lafiya?"

"Da sauƙi dai, Auta. Yayanka ya daina shan maganinsa."

Yaya tsohon mai gyaran famfo ne, ya yi ritaya daga hukumar ruwa. Shi ya riƙe Rediyo bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aski. Bara ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, likita ya ce in ya sake wasa da ƙwayar nan, faɗuwa ta gaba ba lalle ya tashi da ƙafafunsa ba.

"Ya ƙare ne? In saya?"

"Kwalba cike. Cewa ya yi an sa na'ura a ciki. Jiya da yamma kansa ya yi ta sarawa, yana riƙe bango in zai miƙe. Na yi magana har na gaji. Ka zo ko kai zai ji taka."

Rediyo ya ajiye almakashi a hankali. Ya leƙa wa Tela ya ce ya sa masa ido a shago, ya bi ta.

Sun tarar da Yaya a kujerarsa ta gindin taga, ƙafa bisa ƙaramin tebur, rediyo a cinya. Idanunsa sun yi ja. Kwalbar maganin tana can saman kabad, an juye mata kofin ƙarfe a kai.

"Kofin na mene ne, Yaya?"

"Yana tare sigina."

Rediyo ya jawo kujera ya zauna. "Yaya, labarin nan ƙarya ne. Ni na ƙirƙire shi. A shagona, ina yi wa Direba gyaran fuska. Wasa nake yi."

Yaya ya dube shi kamar yadda yake dubansa tun yana yaro in ya ce ya yi wanka alhali ƙeyarsa a bushe take.

"Kai?"

"Ni."

"Auta, ka san aski, ban hana ka ba. Amma kada ka ɗauki kanka da nisa." Ya lalubo wayarsa ya danna. Muryar wata mata ta fito, a natse, tana cewa ita ma'aikaciyar jinya ce, ba za ta faɗi sunanta ba saboda aikinta. Ta ce ta ga kwalayen da idonta. Ta ce na'urar ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma duk wanda aka kama za a dakatar masa da fansho.

"Ban ce fansho ba," in ji Rediyo.

"To ka gani. Ba ka ma san rabin labarin ba, kana cewa naka ne."

"Yaya, wallahi daga bakina ya fita."

"Ita wannan da ta sa aikinta a haɗari, ƙarya take yi? Kai kuma da kake ce wa mutane za a fara karɓar harajin inuwa, kai ne mai gaskiya?"

Rediyo ya miƙe. Shekara da shekaru yana gina sunan mutumin da ba a ɗaukar maganarsa da nauyi, yana jin daɗin sunan, yau kuma ya zo yana neman a ba shi gaskiya da shi. Ya koma shago yana tafiya kamar wanda takalmi ya matse.

Da rana Direba ya shigo. Rediyo ya tare shi tun daga ƙofa.

"Kai ka tura zancen ƙwayar nan?"

"Don a taimaki jama'a."

"Wasa nake yi. Tela shaida ne."

"Da farko ni ma na ɗan yi shakka," in ji Direba yana zama a benci. "Amma daga baya na ji shi a wurare uku. Har wata nas ta tabbatar."

Tela ya yi dariya har allura ta faɗi daga bakinsa. Da ya natsa ya ce, "Rediyo, gaskiya ba za ta fisshe ka ba. Da abin da ka ɓata za ka gyara. Ka je ka ce wa Yaya labarin ya canza. Ka ce ai ƙwayar kwantar da jini take yi, saboda haka wanda yake sha kullum, allo zai nuna shi lafiya lau, ɗan goyon baya. Waɗanda suka daina sha su ake nema, don su ne masu abin ɓoyewa."

Rediyo ya tsaya da tsintsiya a hannu. Dabarar ta yi kyau, har ya ji haushin ba shi ya fara kawo ta ba. Ya san Yaya zai karɓa. Kafin magariba ƙwaya za ta shiga ciki, ciwon kai ya sauka, matar Yaya ta yi barci. Ƙarya ce, amma ƙaryar da za ta hana mutum shanyewar ɓarin jiki, wa zai kira ta laifi? Ya fara jera kalmomin a ransa, yana neman inda zai sa nas ɗin.

"Af," in ji Direba. "Ashe haka ne. To ita ƙwayar, sai da takardar likita ake sayarwa?"

"Kana da hawan jini ne?" in ji Tela.

"Ba ni da shi. Amma in mutum ya riƙa shan rabi-rabi zuwa zaɓe, ai ya huta. Ni da nake da lasin da za a sabunta."

Rediyo ya dube shi. Ya ga wayar a aljihun gaban rigarsa, ya ga motar a waje mai ɗaukar mutum goma sha wani abu, ya ga Direba a kan sitiyari jini ya yi ƙasa, ido na rufewa a tsakiyar titi. Ya jingine tsintsiyar.

"Direba, dube ni nan. Ka ga fuskata? Wannan ma ƙarya ce. A gabanka Tela ya ƙera ta yanzun nan. In na ji ta a bakin wani, na rantse sai na yi maka askin da matarka ba za ta buɗe maka ƙofa ba."

"To ai tambaya na yi."

Rediyo ya rufe shago tun la'asar, abin da bai saba ba. A hanya yana ta juya abin. Ya faɗi gaskiya an ƙi ta. Ƙaryar da za ta yi aiki kuma ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Bai san da me zai shiga gidan ba, ya dai san ba zai kwana Yaya bai sha ƙwayar nan ba.

Tun daga bakin layi ya jiyo muryar Yaya ta taga. Ana hira da wani kakakin gwamnati a rediyo kan sabon shirin kai ruwa unguwanni, Yaya kuma yana ba shi amsa.

"Maƙaryaci. Wane bututu? Wanda na ɗaure da robar taya da hannuna? Faɗa musu dai, faɗa musu."

Mai shagon kayan masarufi na tsallake ko ɗaga kai bai yi ba. Wasu mata biyu suka wuce suna hirarsu. Rediyo ya ɗan tsaya a wurin yana sauraro, sannan ya shiga.

"Ka dawo da wani labarin?" in ji Yaya. Yana danna goshinsa da yatsu biyu.

"A'a. Na ce maka ƙarya ce, kuma har gobe ƙarya ce. Amma bar shi a yadda kake so. A ce akwai na'urar."

"Akwai ta."

"To me za ta gaya musu?"

"Cewa ba na tare da su."

"Yaya, daga wurin mai gyaran taya na jiyo ka. Wa ye bai sani ba a layin nan? Ranar da ɗan majalisa ya zo buɗe rijiyar burtsatse, wa ya tambaye shi ina ruwan a gaban masu ɗaukar hoto? In gwamnati ta kashe kuɗi ta sa na'ura don ta san ra'ayinka, an cuce ta. Da ta aiko mutum ya tsaya a bakin kwata."

Matar Yaya, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ni dai abin da ya ba ni mamaki," in ji Rediyo, yana kallon kofin da ke saman kabad, "ban taɓa sanin kana tsoron su sani ba."

Yaya ya rage muryar rediyon.

"Me ka ce?"

"Mutane za su ce tsohon ya yi sanyi. Shekara nawa yana faɗa, da aka ce za a rubuta sunansa sai ya ɓuya a ƙarƙashin kofi."

Kakakin yana can ƙasa-ƙasa yana lissafa unguwanni. Yaya ya sauke ƙafafunsa daga tebur. Ya yunƙura zai tashi, jiri ya ɗebe shi, ya koma ya zauna. Rediyo ya miƙa hannu, ya ture.

"Sauko min da ita."

Rediyo ya ɗauke kofin ya miƙa masa kwalbar. Matar Yaya ta riga ta kawo ruwa. Yaya ya zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya ɗaga ta saitin taga yana juyawa, kamar yana neman inda aka liƙe ta. Ya jefa a baki ya kora da ruwa.

"Gobe ma da safe," in ji matarsa.

"Kullum. Kada su ce na tsallake rana."

Rediyo ya sauke numfashi. Ya so ya sake cewa babu wata na'ura, ya ga ba yau ba. Zai faɗa gobe, ya faɗa jibi, wataƙila har Yaya ya gaji ya yarda, wataƙila kuma ba zai taɓa yarda ba.

Yaya ya ƙara muryar rediyon. Ya gyara zama, ya ɗage rigarsa sama kaɗan, ya sunkuyar da kai saitin cikinsa.

"Kuna ji na? To ku buɗe kunne. Mu fara da maganar bututun."